Ciwon Wuya da Ciwon Muƙamuƙi: Wanne Ya Jawo Wanne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni mace ce mai shekara 34, sana'ata ɗinki. Kusan wata biyar ke nan ina fama da ciwon wuya, daga ƙeya har kafaɗar dama. Daga baya sai muƙamuƙina na wannan gefen ya kama ciwo. In na yi hamma ko ina tauna sai in ji ƙas a gaban kunne, wani lokaci kunnen ya yi dum kamar ya toshe. An duba kunnen an ce lafiyarsa ƙalau. Wata ƙawata ta ce haƙori ne, in je a cire. Ciwo biyu ne suka haɗu mini, ko ɗaya ne ya jawo ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu, Allah ya kawo sauƙi. Kafin komai, kada ki yarda a cire miki haƙori saboda wannan ciwon, sai in likitan haƙori ya duba ya ga lalle akwai haƙorin da ya ruɓe ko ya yi ƙurji. Wanda aka cire ba ya komawa, kuma mutane da yawa sun rasa lafiyayyen turmi alhali ciwon yana nan inda yake. Bayanin da kika yi ya fi kama da matsalar gaɓar muƙamuƙi da tsokokinta, tare da ciwon tsokar wuya, kuma waɗannan biyun suna yawan tafiya tare.

Ɗora yatsa a gaban ramin kunnenki, ki buɗe baki a hankali. Abin da kika ji yana motsi ƙarƙashin yatsan shi ne gaɓar da ta haɗa muƙamuƙi da ƙoƙon kai, wadda za ki ga an rubuta TMJ a katin asibiti. A cikinta akwai ɗan faifan guringuntsi da ke zamewa gaba da baya tare da kan ƙashin. In faifan ya ɗan gurɓace daga mazauninsa, sai kan ƙashin ya haye shi lokacin buɗe baki, shi ne ƙarar da kike ji. Ƙarar ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. Mutane da dama muƙamuƙinsu yana yi har su tsufa ba tare da wata damuwa ba. Sai ta zo da ciwo, ko baki ya riƙa maƙalewa, sannan ake neman magani. Toshewar kunne kuwa maƙwabtaka ce ta jawo, domin ɗan siririn ƙashi ne kawai ya raba gaɓar da ramin kunne. Shi ya sa ma likitan kunne ne ya yi suna wajen fito da wannan ciwon fili, James Costen na birnin St. Louis a Amurka, a 1934. Shi ya ɗora laifin a kan rashin turamen baya, amma binciken da ya biyo baya ya nuna tsoka, ɗabi'a da damuwa sun fi jerin haƙora tasiri.

Yanzu ga inda wuya ya shigo. Jijiyar da ke ɗauko saƙon ciwo daga fuska, haƙora da muƙamuƙi ita ce ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Saƙon ciwon ƙeya da saman wuya kuma yana bin jijiyoyi uku na farko da ke fitowa daga laka. Hanyoyin biyu suna haɗewa a matattara ɗaya, daidai inda ƙwaƙwalwa ta sadu da laka, kafin saƙon ya haura sama. Kamar gida biyu ne masu mitar wuta ɗaya: in takardar kuɗi ta zo, da wuya a gane wane gida ya sha wutar. Haka ƙwaƙwalwa kan rikice, ciwo ya taso daga wuya ta ce miki a kunci yake, ko ya taso daga muƙamuƙi ki ji shi a ƙeya. In ciwon ya daɗe, matattarar kan zama mai saurin ɗauka, har abin da a da bai kai ya yi zafi ba ya riƙa zafi. Wannan ne dalilin da ya sa ba na son a bar irin wannan ciwon ya shekara ana cewa zai tafi da kansa.

Kina iya gwada wannan da hannunki. Juya kai hagu, za ki ga wata doguwar tsoka ta miƙe a gefen dama, daga bayan kunne zuwa ƙashin wuya na gaba. Kama ta a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, ki bi ta daga sama zuwa ƙasa. A wurin masu irin ciwonki, akan taras da wani ɗan kulli mai zafi, in an matsa sai zafin ya harba kunci, cikin kunne ko saman ido. Tsokar saman kafaɗa ma haka take, tana aika ciwo zuwa gefen kai da kusurwar muƙamuƙi. Sannan ki cije haƙora ki taɓa kuncinki, tsokar da ta kumburo ita ce babbar tsokar tauna. Saki, ki danna ta. In ta yi zafi kuma zafin ya yi kama da wanda kika saba ji, to an kusa gano bakin zaren.

Bayan jijiya akwai kuma aikin da suke yi tare. Duk lokacin da mutum ya wangale baki, kansa yakan ɗan koma baya ba tare da ya sani ba, tsokokin ƙeya ne ke yin wannan. Tsokokin da ke buɗe baki kuma suna rataye da wani ɗan ƙashi a saman maƙogwaro, wanda wasu tsokokin suka ɗaure shi da ƙashin ƙirji da na kafaɗa. Saboda haka wuyan da ya sandare yana wahalar da muƙamuƙi, haka kuma mai cije haƙora yana ɗaure tsokar wuyansa.

A nan ne sana'arki ta ja hankalina. Kan babban mutum yana kai kilo biyar. Wani likitan ƙashin baya a New York, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa in an sunkuyar da kai digiri 15, nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kilo 12, in an kai digiri 60 kuma ya kai kilo 27. Mai ɗinki tana yini a kan keke, kai a sunkuye, ido a kan allura. Kula da kanki gobe lokacin da kike bin layin wuyan riga ko kina saka zip: akwai yiwuwar za ki taras haƙoranki a cije, kafaɗu a ɗage. Ga riƙe fil a leɓe, ga tsinke zare da haƙori, ga waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa ana magana da kwastoma hannu yana aiki. In sallah ta matso kuma, barci ya ragu, masu kaya suna ta kira, damuwa ta ƙaru, a nan cizon haƙora cikin barci yake tsananta. Tambayi maigida ko yana jin ƙarar gurzar haƙora da dare. In kina tashi da safe da muƙamuƙi a gajiye ko ciwon gefen kai, wannan alama ce. Sunkuyon shi kaɗai ba ya kawo ciwo ga kowa, daɗewa a ciki ba motsi, haɗe da cizo da ƙarancin barci, shi ke tara gajiyar.

Ba ke kaɗai ba ce. Cibiyar binciken haƙori ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 12 cikin ɗari na mutane suna da matsalar wannan gaɓa, ta fi kama mata, musamman tsakanin shekara 20 da 40. Yawancinsu suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba.

Tunda naki daga wuya ya faro, ina kyautata zaton shi ne tushen, amma a wata na biyar neman wanda ya riga wani ba shi ne muhimmi ba. A kula da su tare. Na fi ganin sauƙi yana ɗorewa in an yi haka fiye da in an bi ɗaya an bar ɗaya.

Ki ba muƙamuƙin hutu na mako biyu zuwa uku. Tuwo da miya, fate, kunu, alale, kifi, ƙwai duk babu laifi. Kilishi, ganda, rake, aya, goro, gasasshiyar masara da cingam a ajiye su tukuna. Nama a yanka ƙanana, a tauna da gefe biyu. Kada hutun ya zarce haka, domin tsokar da ba ta aiki rauni take yi. In hamma ta zo, tokare haɓa da hannu kada bakin ya wangale. Tagumi ma a rage shi, yana tura muƙamuƙi gefe guda. Abin da na fi so ki riƙe shi ne zaman bakin da ba ya aiki: leɓe a rufe, haƙoran sama da na ƙasa ba su taɓa juna, kan harshe yana kwance a ganɗa bayan haƙoran gaba. Haƙora ba su da dalilin haɗuwa sai wajen tauna da haɗiya. Duk lokacin da kika canja zare ko kika gama layi, ki tambayi kanki ko suna haɗe, ki sake su.

Wuya kuma, ki gasa shi da tawul mai ɗumi minti 10 zuwa 15, safe da dare, ki haɗa da kunci. Duk bayan rabin awa ki tashi daga keke ko da na minti ɗaya ne. Ki zauna a miƙe, ido yana kallon gaba, ki ja haɓa baya kamar za ki yi ninkin wuya, ki riƙe daƙiƙa biyar, ki saki, sau goma. Ki gyara tsayin kujera da hasken wurin aiki, domin duhu ne ke sa mutum kai ido kusa da allura. Almakashi ya karɓi aikin haƙori. Wajen barci a guji rub da ciki, filo kuma ɗaya ya isa, wanda zai cike tsakanin kunne da kafaɗa. Farasitamol yana taimakawa. Ibuprofen ma haka na 'yan kwanaki bayan cin abinci, amma ban da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu. Tramadol ba maganin wannan ciwon ba ne. Kada kuma ki bari wani ya murɗe miki wuya don ya yi ƙara, akwai hanyoyin jini masu zuwa ƙwaƙwalwa a wurin.

Akwai alamomin da ba a jira da su. Ciwon muƙamuƙi ko wuya da ke zuwa da nauyin ƙirji, haki ko gumi, musamman lokacin tafiya ko aiki, yana iya zama na zuciya, kuma a jikin mata yakan zo a haka. Sandarewar wuya da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, a yi tunanin sanƙarau, balle a lokacin zafi. Bakin da ya ƙi buɗuwa bayan an taka ƙusa ko an ji rauni, tetanus ake tsoro. Haka nan kumburin fuska da zazzaɓi, mutuwar hannu ko raunin yatsu, ko baki ya buɗe ya ƙi rufuwa. Ga wanda ya haura shekara 50 kuma, sabon ciwon gefen kai tare da gajiyar muƙamuƙi wajen tauna da dishi-dishin gani yana buƙatar likita a ranar, saboda ido.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki je wurin likitan haƙori ya tabbatar ba haƙori ba ne, musamman turmin ƙarshe da kan fito a karkace. Zai auna buɗewar bakinki. Lafiyayyen baki yana buɗewa kamar milimita 40 zuwa 50, wato ya ɗauki yatsunki uku a jere a tsaye. In ya ga alamar gurza, zai iya yi miki robar da ake sawa a haƙora da dare, wadda aka auna da bakinki. Ki nemi ya tura ki sashen fisiyo, wato na masu gashi da motsa gaɓoɓi, wanda akan samu a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin gwamnati, kuma ki gaya musu ciwon biyu tun ranar farko don a duba wuya da muƙamuƙi a zama ɗaya. Hoto ba dole ba ne tun farko. In an yi mako shida zuwa takwas ana wannan ba canji, ko bakin ya fara maƙalewa, sannan a yi maganar hoto da ganin likitan tiyatar baki da muƙamuƙi.