Me ya sa aka goge rubutuna a Wikipedia?

Tambaya: Malam, na rubuta tarihin garinmu a Wikipedia ta wayata, kamar yadda na ji daga bakin kakana wanda ya haura shekara 90, amma kwana biyu tsakani aka goge. Shin maƙaryaci suka ɗauke ni?

Amsa: Babu wanda ya ƙaryata ka, ɗan'uwa, kuma Allah ya ƙara wa kaka lafiya. Wikipedia, wadda Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe ranar 15 ga Janairu, 2001, ta ba kowa damar yin gyara, kuma tunda ba ta san wanda ke riƙe da waya ba, sai ta ɗora amanarta a kan hujja. Ƙa'idarta ita ce duk maganar da aka rubuta ta kasance mai karatu zai iya komawa wani littafi, ko jarida, ko mujallar ilimi ya same ta a can. Akwai kuma ƙa'idar da ta hana mutum shigar da binciken kansa wanda ba a taɓa wallafawa ba, kuma a ƙarƙashinta ne labarin kakanka ya faɗa, ko da kuwa kowace kalma a cikinsa gaskiya ce.

An tsaurara ne bayan an ji jiki. A shekarar 2005 wani ya rubuta cewa an taɓa zargin ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler da hannu a kisan shugaban Amurka John F. Kennedy da ƙaninsa Robert, kuma wannan ƙage ya shafe kusan wata huɗu a shafinsa na Wikipedia kafin a cire shi. Bayan haka ne Wikipedia ta Turanci ta hana marasa rajista buɗe sabuwar muƙala, aka kuma ƙara sa ido a kan tarihin mutanen da ke raye.

A ganina ƙa'idar tana takura mu ƙwarai, domin tarihinmu da yawa yana bakin dattawa da maroƙa da makaɗan fada. Mafita ita ce ka naɗi muryar kaka tun yana da ƙarfi, ka nemi jarida ko masanin tarihi ya tantance ya wallafa, sannan ka kafa hujja da abin da aka buga. Kafin nan, fara da abin da ke rubuce, kamar ƙaramar hukumar da garin yake, da yawan jama'arta a ƙidayar 2006, ka kuma guji kirari irin su "garin da babu kamarsa", domin ana son a rubuta ba tare da ɗaukar ɓangare ba.

Tambaya: Wani ɗan kasuwa zai biya ni in buɗe masa shafi. Ya halatta?

Amsa: Tun 2014 sharuɗɗan Gidauniyar Wikimedia, wadda ke kula da Wikipedia, suka wajabta wa mai karɓar kuɗi ya bayyana wanda ya biya shi. Ko ka bayyana, shafin ba zai zauna ba sai kafofi masu zaman kansu sun yi cikakken rubutu a kan mutumin; tallan da ya biya da shafinsa na Facebook ba sa shiga lissafi. Kada kuma ka kwafo hotonsa daga intanet, sai wanda ka ɗauka da kanka ko mai shi ya sake shi a ƙarƙashin lasisin da ke ba kowa damar amfani da shi.

Tambaya: Ina gyara, wani yana mayar da tsohon rubutu. In ci gaba da mayarwa?

Amsa: Ki dakata, 'yar'uwa. A Wikipedia ta Turanci, wanda ya mayar da gyara fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24 ana iya toshe shi. Kowace muƙala tana da shafin tattaunawa, sai ki je can ki kawo hujjarki da sunan littafi da lambar shafi, ki jira amsarsa.