Yarinyar da na koya wa haɗa turare ta tafi da masu sayen kayana: zan iya sa a kama ta?

Tambaya

Assalamu alaikum, Metir. Ni mai sana'ar turaren wuta da humra ce a unguwar Zango, nan Damagaram, shekara 12 ke nan, ina da rumfa a kasuwar Dole, kuma ina aika kaya Tanut da Agadas da Magarya. Shekara 5 da suka wuce na ɗauki ɗiyar wata maƙwabciyata, na koya mata haɗi tun daga suya har zuba wa kwalba. A gidana take ci, ina ba ta jika 10 (sefa dubu 10) duk wata na sabulu, kuma na ce idan aurenta ya tashi zan yi mata gado da katifa. Da azumin bana muka sami saɓani ta daina zuwa, ta tafi da wayar da na saya don karɓar saƙon masu saye. Yanzu ta buɗe nata, kwalbarta da launin takardarta kamar nawa, sunan ma harafi biyu ne suka bambanta. Akwai jika 185 na bashi da wasu suka ce ita suka tura wa. Na yi murya a WhatsApp na gaya wa mata cewa ɓarauniya ce. Ina biyan patanti duk shekara. Ina so komisariya ta kama ta saboda cin amana, kotu kuma ta hana ta wannan sana'a.

Amsa

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya huci zuciyarki. Ɓangare ɗaya kawai na ji, ban ga wayar ba, ban ga kwalaben ba, ban kuma ji ta bakin yarinyar ba, saboda haka abin da zan faɗa ya dogara ne a kan yadda kika ba da labari, kuma yana iya sauyawa idan wata hujja ta fito. Duk da haka, ina ganin ya wajaba in fara da abin da ba za ki so ji ba: mafi yawan abin da kike ɗauka haƙƙinki ne, doka ba ta ɗauke shi haƙƙinki ba, kuma ɗan abin da ya rage miki na gaskiya kina gab da ɓata shi da hannunki.

Masu saye ba dukiyar kowa ba ne. Matar da ta shekara 10 tana sayen humrarki tana da ikon ta wayi gari ta sayi ta wata, ko don sauƙin farashi, ko don ta fi sabawa da muryar da ke amsa mata waya, kuma babu alƙalin da zai umarce ta ta dawo rumfarki. Asali a dokar kasuwanci shi ne kowa yana da ƴancin ya buɗe sana'a ya yi gasa da wanda ya riga shi, har da uban gidansa na da. Da a ce kun rubuta yarjejeniya cewa ba za ta yi irin wannan sana'a ba bayan rabuwarku, ko a nan ma sai an duba, domin kotuna ba su cika son sharaɗin da zai toshe wa mutum hanyar abincinsa ba. To balle ke da ba ki rubuta komai ba. Buƙatarki ta a hana ta sana'ar gaba ɗaya, a ganina, ba za ta je ko'ina ba.

Haka batun haɗin da kika koya mata. Abin da hannu ya iya ya zama na mai hannun. Jiƙa itacen sandal, soya farce, daka kajiji, narka sukari a zuba a kan hawi, duk wannan ilimi ne da mata suka gada daga Barno har Damagaram, kuma ba za ki iya cewa naki ne ke kaɗai ba. Inda doka take shiga shi ne idan akwai sirrin sana'a na ainihi. Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai kare tambarin kaya da haƙƙin ƙirƙira a Afirka, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma wannan yarjejeniya tana kare bayanin da ya cika sharuɗɗa uku: ba sananne ba ne a wajen masu irin sana'ar, darajarsa tana cikin ɓoyuwarsa, kuma mai shi ya ɗauki matakin ɓoye shi. Sharaɗi na uku ne yake kayar da yawancin mutane. Idan a tsakar gida ake haɗin, masu aiki da baƙi suna wucewa, ma'aunin yana rubuce a littafin da kowa ke buɗewa, kuma ba ki taɓa gaya mata a gaban shaida cewa wannan ma'auni amana ne ba, zai yi wuya a kira shi sirri. Idan kuma akwai wani ma'auni da ke da ita kaɗai kuka sani, kika kuma gargaɗe ta, to akwai abin magana, amma ke ce za ki kawo hujja, kuma kawo hujjar yana nufin bayyana haɗin a gaban waɗanda za su gwada shi. Ki yi tunani ko kina son haka.

Yanzu kalmar cin amana. A bakinmu na Hausa, duk wanda aka yi wa alheri ya juya baya ya ci amana, kuma ban ce ba ki da dalilin jin haka ba. Amma cin amanar da dokar hukunta laifuka ta sani ƙunƙuntar abu ce: a damƙa wa mutum kuɗi ko kaya da sharaɗin ya mayar ko ya yi wani aiki da su, sai ya karkatar da su da gangan. Butulci ba ya cikin wannan, buɗe rumfa ma ba ya ciki. Daga duk abin da kika lissafa, abu biyu ne kawai za su iya shiga: wayar, da jika 185.

Wayar, idan kina da takardar sayenta ko shaidar wanda ya sayar miki, kuma ba kyauta kika ba ta ba, taki ce, kuma riƙe ta bayan kin nema ba daidai ba ne. Sai dai ki bincika da sunan wa aka yi rajistar layin da ke ciki, domin sau da yawa mai gida ce ke sayen waya, yarinya kuma ta je da katin shaidarta ta yanko layi. Idan haka aka yi, a wajen kamfanin waya lambar tata ce, ko da duk Agadas da sunanki suka san ta. Kuɗin kuwa, kin ce "wasu suka ce" sun tura mata. Wanda ake bi bashi, idan aka matsa masa, yana iya cewa komai. Ki nemi kowannensu ya nuna miki takardar turawa ko saƙon da ya shigo masa, da rana da adadi, sannan ki gwama da littafinki, idan kina da shi. A harkar kasuwanci dokar OHADA, ƙungiyar da ta daidaita dokokin kasuwanci na wasu ƙasashen Afirka har da Nijar, ta yarda da kowace irin hujja, har saƙon waya, saboda haka kada ki goge komai. Idan ya tabbata ta karɓa bayan ta bar aiki, da sunanki, ta kuma ƙi mayarwa bayan an nema a rubuce, a nan ne ƙara za ta iya tsayawa. Kafin haka, kai ta komisariya yana iya juyowa kanki, domin ƙarar ƙage ita ma laifi ce.

Inda nake ganin kin fi ƙarfi shi ne kwalba da suna, kuma a nan ba zan ɓoye ba, abin da ta yi bai yi mini daɗi ba. Yin gasa halal ne, amma sa wa kayanka rigar kayan wani don mai saye ya ruɗe, wannan ha'inci ne ga ke da kuma ga matar da ta biya kuɗinta tana zaton naki ta saya. Yarjejeniyar Bangi ta hana duk abin da zai jawo ruɗani tsakanin kayan ɗan kasuwa da na wani, ko ta suna, ko ta kamannin kaya, ko ta yadda ake gabatar da su, kuma wannan kariya ba ta jiran sai an yi rajista. Sai dai ki cire patanti daga lissafinki, haraji ne kawai, ba ya mallaka miki suna. Tambarin kaya na wanda ya fara yi masa rajista ne a OAPI, kariyarsa shekara 10 ce ana sabuntawa, kuma ba ta kai Kano ba tunda Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Sunan kasuwanci kuwa wanda ya fara amfani da shi yana da abin riƙewa, kuma shekarunki 12 suna tare da ke. Ko da hakan, don a biya ki diyya a ƙarƙashin sashe na 1382 na dokar farar hula, sai kin nuna laifi, kin nuna asara, kin kuma nuna cewa laifin ne ya jawo asarar. Raguwar ciniki kaɗai ba ta isa ba, tunda za ta ce tsadar rayuwa ce ko farashinta ne ya fi sauƙi. Kwalbar ma, idan irin wadda kowa ke sayowa ce a dozin, ba za a ce taki ba ce, takardar da ke manne da sunan su ne abin dubawa. Ki sa wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardun kotu da rubuta shaida, ya sayo kwalba ɗaya a wajenta ya rubuta abin da ya gani, wannan aikin yini ɗaya ne.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda kowane lauyan da ta ɗauka da shi zai fara. Kina kiranta yarinyar da kika riƙa, amma dokar ƙwadago ta 25 ga Satumba 2012 ba ta duba sunan da aka sa wa dangantaka, abin da take dubawa shi ne ko mutum yana aiki a ƙarƙashin umarnin wani ana biyansa. Ba sai da takarda ba, yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce. Yarinyar da ke zuwa kullum, ke kike sa mata lokaci, ke kike cewa a soya ko a zuba, tana karɓar kuɗi duk ƙarshen wata, akwai yiwuwar ƙwarai a ɗauke ta ma'aikaciya, musamman bayan shekarun farko na koyo sun wuce. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma jika 42 a wata tun Janairu 2024, bayan ya daɗe a kan jika 30 da ƴan kai. Ki cire jika 10 daga 42, ki ninka sau 12, za ki ga jika 384 a shekara guda, ninkin abin da kike binta da ɗoriya. Mai yiwuwa a rage wani abu saboda abinci, mai yiwuwa kuma wasu shekarun lokacin nemansu ya wuce, amma akwai hutun shekara da ba a ba ta ba, akwai rajistar CNSS, asusun fansho da kariyar ma'aikata, da nake zaton ba a yi ba, ga alkawarin gado da katifa da maƙwabta suka ji. Ba ina cewa kin zalunce ta da niyya ba, na san haka aka saba a kasuwanninmu, kuma na san shinkafar da ta ci a gidanki ba ƙarya ba ce. Amma shekara 5 na ƙuruciyar mutum suna da farashi, kuma ranar da kika kai ta gaban hukuma, ita ma ta san hanyar ofishin sufeton ƙwadago.

Muryar da kika yi a WhatsApp ita ce ta fi tayar mini da hankali. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta ɓata suna ta waya, kuma a watan Yuni 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kansa, daga shekara 1 zuwa 3, ban da tara. Kiran mutum ɓarawo a gaban taron mata alhali babu kotun da ta same shi da sata yana iya faɗawa ciki, kuma ko ta fuskar kasuwanci, kushe abokin gasa da abin da ba a tabbatar ba yana cikin abin da yarjejeniyar Bangi ta hana, wato dokar da kike son ta kare ki. Ki cire muryar yau, kada ki ƙara wata, kuma ki hana ƴaƴanki da ƙawayenki yi a madadinki.

Ƙofar kotu a buɗe take, babbar kotun Damagaram tana nan, da kotun ɗaukaka ƙara a bayanta, kuma idan kin nace zan gaya miki ki tsaya a kan suna da takardar kwalba da kuɗin da aka tabbatar kawai. Amma ki ƙiyasta kuɗin lauya da na wisiye da watannin da za ki yi kina barin rumfa, a kan jika 185 da ba a gama tabbatarwa ba, da ƙarar da za ta iya biyo baya daga ɓangarenta. Ni dai ban ga riba a ciki ba.

Shawarata ita ce sulhu, amma sulhu rubutacce, ba na "a yi haƙuri" a watse ba. Ki fara aika mata takardar neman waya da bayanin kuɗin, cikin lafazi mai sanyi, da wa'adin kwana 8 ko 15. Sannan a zauna da uwarta da mai unguwa, ko dattawan kasuwar Dole da ku duka kuke jin nauyinsu, tunda doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane da rubuta abin da aka cimma. A takardar a sa cewa za ta sauya suna da launin takarda cikin wata guda, ta mayar da waya, ta tura wa masu saye saƙo ɗaya cewa ta rabu da ke kuma bashinki ke za a biya. Ke kuma ki janye kalmar sata a wurin da kika faɗe ta, a lissafa abin da ta karɓa a cikin abin da ya kamata ki sallame ta da shi, wanda ya rage a kansa ya cika. Kada ki ɗauka sa hannunta a gaban mai unguwa ya rufe maganar albashi har abada, ɓangaren nan ya fi aminci a kammala shi a gaban sufeton ƙwadago. Idan kuka bi ta hannun mai shiga tsakani bisa dokar sulhu ta OHADA ta 2017, ana iya kai yarjejeniyar kotu ta tabbatar da ita, yadda za a iya zartar da ita kamar hukunci idan wani ya saɓa.

Kafin zaman, ki kawo wa lauyan da kika yarda da shi takardar sayen wayar, kwalba ɗaya taki da ɗaya tata, littafin bashi, da sunayen waɗanda suka ce sun tura kuɗi. Kuma idan akwai wasu yara da ke aiki a gidanki yanzu a kan kuɗin sabulu, ki zo da lissafinsu su ma, a duba shi a zama ɗaya.