Wata shida a ɗakin inji: wanne ake ƙirgawa?

Tambaya: Oga, na gama karatun injiniyan jirgin ruwa a Oron, ina zaune a Agege ba jirgi. An yi mini hanya a wani ƙaramin jirgin jan jirage a Apapa. Za a ƙirga mini shi a matsayin aikin teku?

Amsa: Ɗana, kafin ka amsa musu, tambayi ƙarfin injinsa. Dokar STCW ta 1978, wato yarjejeniyar duniya kan horo da shaidar ma'aikatan jirgin ruwa, wadda aka yi wa kwaskwarima a Manila a 2010, ta ɗora shaidar injiniya mai gadin ɗakin inji a kan jirgi mai kilowat 750 zuwa sama. Tana neman wata 12 na aikin wokshof da na teku a haɗe, aƙalla shida a kan ruwa, kana gadi ƙarƙashin cif injiniya ko wani mai shaida. Kai bayanan jirgin ofishin NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, su tabbatar maka tukuna.

In an karɓa, littafin horonka, inda ake rubuta ayyukan da ka koya a jirgi, ya fi albashin. Duk aikin da ka yi a sa maka hannu a makon, kada ka tara sai ranar sauka. Cif yana iya canza jirgi, aikin da ba sa hannu kuwa kamar ba a yi shi ba ne.

Makon farko ɗauki tocila da takarda ka bi bututu da ƙafarka: na mai, na ruwan sanyaya inji, na iska. Zana kowane bawul. A jarrabawar baki za a ce ka zana, mai hadda nan yake kamewa.

Ka fi naci a kan shirin tada inji. Matsin tankin iskar tada inji yakan kai bar 30 (bar ma'aunin matsi ne), kuma ruwa na taruwa a gindinsa, sai ka tsiyaye shi. Kunna famfon man shafawa, buɗe kok ɗin indiketa (ƙaramin bawul da ke kan silinda) na kowace silinda, juya injin a hankali da giyar juyawa, cire giyar, sannan ka hura da iska ba mai. Idonka a kan kok ɗin. In ruwa ya feso, tsaya: wataƙila kan silinda ko layina (bangon cikin silinda) ya tsage. Ruwa ba ya matsuwa, in ka tada a haka sandar fistan ce za ta lanƙwashe.

Ruwan bilij kuma, wato wanda ke taruwa a ƙasan ɗakin inji, ko wa ya ce ka zubar a teku, sai ya bi ta na'urar tace mai, kada man ciki ya wuce kashi 15 cikin miliyan, a kuma rubuta a littafin mai.