Tambaya da Amsa: Wai me ya haɗa "beta" na maganin Baba da "beta" na gwajin ciki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, don Allah ina da tambaya. Mahaifina aka auna aka ce hawan jini gare shi, aka rubuta mashi atenolol, na ji likitan ya ce wai beta bloka ne. Ni kuma lokacin da na je awon ciki a takardar gwajin an rubuta beta hCG, sannan ɗana sikila ne, nan ma da na duba a waya sai na ga ana ta maganar beta. Ga shi lokacin korona an yi ta cewa Beta, Delta, Omikron. Wata murya da ke yawo a WhatsApp tana cewa sunayen sirri ne da Turawa ke ɓoye abu a ciki. Shin duk abu ɗaya ne? Baba dama yana da asma tun da daɗewa yana shaƙar Ventolin, kwanan nan kuma tarin ya ƙaru mashi shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Daga wata 'yar uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya raya yaro ya sassauta mashi. Ba abu ɗaya ba ne, kuma babu wani sirri a ciki, wannan muryar ki goge ta kawai. Amma layin ƙarshe na saƙonki, maganar asma da ƙaruwar tari, shi ne ya fi tsaya mani a rai a matsayina na mai harhaɗa magunguna, to ki daure ki karanta har ƙasa don zan zo kanshi.

Alfa, beta, gamma, delta da sauransu baƙaƙe ne na rubutun Girkanci, guda 24 ne, alfa ne na farko omega na ƙarshe. Kuma ba baƙi ba ne gare mu kamar yadda ake zato, don Girkawa aro suka yi daga Finikiyawa mutanen gaɓar tekun da yanzu ake ce ma Labanan, tushen nan ɗaya ne da na baƙaƙen Larabci, shi ya sa duk wanda ya yi karatun allo ya iya abajada zai ji alif, ba, jim, dal suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da alfa, beta, gamma, delta. Malaman kimiyya na Turai da Girkanci da Latinanci suka yi karatunsu, to in sun samu abu iri biyu ko uku masu kama da juna suna son bambance su sai su ɗauko baƙaƙen su liƙa masu. Kamar dai aji 1A da 1B ne a makaranta, ɗan 1B na wata firamare a Daura babu abin da ya haɗa shi da ɗan 1B na wata a Funtuwa, harafin ne kawai ya zo ɗaya.

Misali a 1899 wani masani Ernest Rutherford yana bincike kan yuraniyam ya ga haske iri biyu na fita daga jikinshi, wanda takarda ma ke iya tarewa ya ce mashi alfa, wanda ya fi shi ratsa abu sai an sa fallen alminiyam ya ce mashi beta. Daga baya aka gano na uku mai ratsawa sosai sai dalma mai kauri ko kankare ke rage shi, aka ce gamma, kuma shi wannan gamma ɗin ana amfani da shi wajen gashin cutar daji. Kin ga jeri ne kawai, na ɗaya na biyu na uku.

Na takardar awonki kuwa, hCG sinadari ne da mahaifa ke fitarwa in ciki ya shiga, ɓari biyu gare shi, alfa da beta. Shi ɓarin alfa kusan iri ɗaya ne da na wasu sinadaran da ke jikin kowa mace da namiji, har da wanda ke sarrafa ƙullin nan na maƙoshi da ake ce ma tayirod, to in shi aka auna sai a rikice. Ɓarin beta ne na shi na kanshi, shi ya sa shi ake nema, ko a jini ko a tsinken gwajin fitsari da ake saida ma mata a kemis.

Na yaronki ya fi buƙatar a tsaya. Abin da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa a cikin jan jini sunanshi himogulobin, sarƙa huɗu aka haɗa, biyu alfa biyu beta. Ita sarƙar beta ƙwayoyi 146 ne a jere, kuma duk wahalar sikila, ciwon ƙashin nan da ke hana yaro barci da ƙarancin jini da idon da ke yin ɗorawa, daga canjin ƙwaya ɗaya tak ta samo asali, ta shida a jerin, inda wani sinadari falin ya zauna a gurbin gulutamik asid. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila a shekarun 1950. Wanda ya gaji canjin daga ɓangare ɗaya shi ne AS, wanda ya gada daga uwa da uba duka shi ne SS, su kuma A da S ɗin ba ma baƙaƙen Girka ba ne na boko ne. Akwai wata cutar da ake ce ma beta talasimiya, ita kuma sarƙar ce jiki ba ya ƙera ta da yawa, ta fi yawa a ƙasashen bakin Bahar Rum da Gabas ta Tsakiya da Indiya. To wannan beta sunan sarƙa ne, maganin Baba bai taɓa ta ba kuma bai da alaƙa da ita ko kaɗan.

Na korona shi ne ya fi jawo surutu. Asalin sunayen nau'o'in lambobi ne masu wuyar riƙewa irin B.1.617.2, sai mutane da 'yan jarida suka koma cewa "nau'in Indiya", "nau'in Afirka ta Kudu", ƙasar da ta yi ƙoƙari ta gano abu ta faɗi gaskiya sai ita ake tsangwama. Shi ne ranar 31 ga Mayu 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce za a riƙa amfani da baƙaƙen Girka, wanda aka fara gani a Ingila ya zama Alfa, na Afirka ta Kudu Beta, na Barazil Gamma, na Indiya Delta. Har wanda aka gani a nan Najeriya da Ingila a ƙarshen 2020 ya samu nashi, Eta. Da aka zo Nuwamba 2021 sai suka tsallake baƙaƙe biyu, Nu saboda yana kama da kalmar sabo a Turanci, da Xi saboda sunan dangi ne na mutane da yawa, suka sauka kan na 15 wato Omikron, kuma su da kansu suka faɗi dalilin ba ɓoyewa suka yi ba. Ni dai a ganina tsarin ya yi kyau ko da yake bai hana komai da komai ba, don a Disambar shekarar Ingila da Saudiyya sun rufe ma matafiya daga Najeriya ƙofa na ɗan lokaci saboda Omikron ɗin, masu niyyar Umara sun ji a jikinsu. Kuma harafin bai nuna tsanani, Delta ta fi Omikron tsanani ga wanda ya kamu duk da ta riga ta a jeri.

Wani lokacin ma ba jeri ake nufi ba siffa ce. Delta in an rubuta shi babba kusurwa uku gare shi, Δ, shi ya sa naman kafaɗa inda ake yi maki allurar rigakafi ake ce mashi deltoyid, kuma daga nan sunan Neja Delta ya fito, inda kogi ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Omega-3 na man kifi kuwa don daga ƙarshen sarƙar man ake fara ƙirgawa. Allurar maleriya da ake ce ma alfa-beta atita, siffa biyu ce ta magani ɗaya aka haɗa a kwalba.

Akwai harafi ɗaya da nake so kowa ya sani don yana iya kashe mutum, sunanshi "mu" a Girkanci, ana rubuta shi µ, kamar u mai jela ta hagu. In kin ga µg ana nufin maikurogiram, kuma sai an tara 1,000 suke zama mg ɗaya. In an yi rubutun hannu da sauri biro ya ɗan tsallake, jelar nan ta ɓace ko ta haɗe, sai ki ɗaga takardar ki kara a haske ki rasa µ ne ko m, alhali tsakaninsu ninki dubu ne. Maganin tayirod da digozin na zuciya da maikurogiram ake ba da su, inhelar Ventolin ma kowane fesawa 100 ne na maikurogiram, amma folik asid ɗin nan ƙarami ruwan ɗorawa da ake ba masu sikila kullum shi 5mg ne. Shi ya sa ake so ma'aikata su rubuta mcg a fili, kuma duk mai kemis na kirki in ya yi shakka zai kira wanda ya rubuta, ba zai yi cinta ba.

To yanzu maganar Baba. A nan ne kawai a cikin duk abin da kika lissafo beta biyu suka haɗu da gaske, na atenolol da na Ventolin. Akwai sinadarin adirenalin da jiki ke saki in mutum ya tsorata ko ya yi gudu, zuciya ta riƙa dukan uku-uku. A 1948 wani masani a Amurka, Raymond Ahlquist, ya nuna cewa wuraren da ke karɓar saƙon wannan sinadari a jiki iri biyu ne, ya sa masu alfa da beta. Daga baya aka ƙara raba beta gida biyu, beta-1 sun fi yawa a zuciya, in an taɓa su sai ta ƙara sauri da ƙarfi, beta-2 kuma suna hanyoyin iska na huhu, in an taɓa su sai hanyoyin su buɗe numfashi ya sauka. James Black ɗan Sikotlan ne ya ƙirƙiro propranolol a shekarun 1960 don ya toshe waɗannan wurare zuciya ta huta, har ya samu kyautar Nobel a 1988, kuma gaskiya magungunan nan sun ceci rayuka ba adadi musamman waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya.

Amma ki duba, Ventolin aikinshi ya zaburar da beta-2 ƙirji ya buɗe, shi kuma beta bloka aikinshi ya toshe beta. Propranolol duka biyun yake toshewa shi ya sa ba a ba mai asma shi, yana iya tada ciwon har a kai mutum asibiti ranga-ranga kuma inhelar ta ƙi ci. Atenolol da bisoprolol sun fi karkata ga zuciya, haɗarinsu bai kai na propranolol ba, amma ba wai ba su taɓa huhu kwata-kwata ba ne musamman in adadin ya yi yawa, to ga mai asma sai da lura sosai kuma sai in akwai dalili mai ƙarfi. Har maganin ɗigawa a ido na gilakoma wato hawan jinin ido mai suna timolol shi ma cikin dangin yake, mutane da yawa ba su san ɗigon ido na iya tada asma ba. Abin da na sha gani shi ne dattijo ya shiga wajen likita, layi ya yi tsawo, an tambaye shi me ke damunka ya ce ciwon kai da jiri, bai ambaci asma ba don a wajenshi wannan tsohon abu ne ya saba da shi, inhelar ma tana aljihun gaban riga bai ɗauke ta magani ba. Ba mamaki haka ta faru da Baba, wanda ya rubuta bai samu labarin ba.

Ba zan iya yanke hukunci daga saƙo cewa atenolol ne ya ƙara mashi tari ba, hazo da ƙurar hunturu kaɗai sun isa su tada asma a garin nan, kuma akwai wani maganin hawan jinin irin lisinopril da ke sa busasshen tari ta wata hanyar daban, ga shi ita kanta zuciya in ta raunana tana kawo tari da haki. Duk waɗannan sai an sa abin sauraro a ƙirji an auna. Abin da nake roƙonki kada ki bari ya daina shan atenolol da kanshi rana ɗaya, yanke shi kwatsam na iya sa zuciya ta zabura jini ya haura, ga mai ciwon zuciya ma abin ya fi haka muni, a hankali ake janye shi kuma likita ne zai tsara. In yana da ciwon suga ki faɗa shi ma, don beta bloka na ɓoye bugun ƙirji da rawar jikin da ke sanar da mutum suganshi ya faɗi.

Ki tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, ƙwayoyin da kwalinsu da inhelar da maganin ido in akwai, har na gargajiya kada a ji kunya, gobe ko jibi ke ko wani cikin 'yan uwanki ku raka shi wajen likitan da ya rubuta, ku ce mashi a fili Baba yana da asma, yana shaƙar Ventolin, kuma tarin ya ƙaru bayan fara wannan magani, ku faɗi ko sau nawa yake fesa inhelar a rana yanzu. Akwai wasu magungunan hawan jini irin amlodipine da ba ruwansu da hanyar iska, likita zai duba wanda ya dace da shi. In kuwa kafin nan kika ga numfashi na mashi wuya har bai iya gama magana, ko ƙirji na fito, ko leɓenshi ya canja launi, ko ya fesa inhela bai ji sauƙi ba, to kada a jira gari ya waye, a ɗauke shi zuwa sashen gaggawa na asibiti mafi kusa a lokacin, a tafi da ledar magungunan.