Wane aku ne ya fi kyau, kuma me ya sa masu kyan suka fi ƙaranci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina sha'awar tsuntsaye. Kwanakin baya na ga hoton wani aku shuɗi tun daga kai har jela, an rubuta a ƙasan hoton wai ya ƙare a daji. Gaskiya ne? Wane aku ne ya fi kyau da wuyar samu a duniya? Kuma in mutum yana da hali, zai iya sayen ɗaya ya ajiye a gida?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Siffar da ka bayar ta dace da akun da ake kira makaw na Spix (makaw wani jinsin aku ne mai doguwar jela na nahiyar Amurka), kuma abin da aka rubuta ɗin yana da tushe. Ɗan ƙasar Birazil ne, daga busasshen dajin ƙaya na jihar Bahia, kusa da garin Curaçá. Tsawonsa bai wuce santimita 55 zuwa 60 ba, jikinsa shuɗi, kansa ya ɗan yi toka-toka. Ya ci sunan wani masani Bajamushe, Johann Baptist von Spix, wanda ya samo samfurinsa a 1819. Awaki da shanu sun cinye ƙananan bishiyoyin bakin rafi tun kafin su girma su zama wurin sheƙa, masu tarko kuma suka kwashe 'yan tsuntsayen da suka rage suka sayar wa attajirai masu tara tsuntsaye. A 1990 namiji guda ɗaya tak aka samu a daji. Da ya rasa mace irin tasa, sai ya haɗu da macen wani nau'in makaw kore, suka yi ta yawo tare har shekara ta 2000, lokacin da aka daina ganinsa. A 2019 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke cikin haɗari, ta ayyana cewa ya ƙare a daji.

Labarin bai tsaya nan ba. Waɗanda ke cikin keji sun ci gaba da haihuwa, a 2020 aka ɗauko 52 daga Jamus aka kai su Birazil, a 2022 kuma aka saki 20 a dajin kakanninsu. Tsuntsun da aka haifa a keji bai san shaho ba, bai san inda ruwa yake ba, bai san wane ɗan itace ake ci ba. Dabarar da aka yi ita ce, aka sake su tare da waɗancan korayen makaw ɗin da suka san dajin, su zama masu jagora. Wato irin da namijin ƙarshe ya fake a cikinsu, su ne aka sake roƙo su koya wa 'yan baya zaman daji. Aikin dai har yau bai tsaya da ƙafafunsa ba.

Maganar wanda ya fi kyau kuwa, kowa da idonsa. Ni in ka tambaye ni, makaw na Hyacinth zan nuna maka. Shi ne mafi tsawo a duk akun da ke tashi, kusan mita ɗaya daga baki zuwa ƙarshen jela, shuɗinsa mai duhu kamar rinin da ya sha bugu, da zoben rawaya a kewayen ido da wani a gindin baki, har ka ce murmushi yake yi. Mafi yawansu suna fadamar Pantanal ta Birazil, da ɓangarorin Bolibiya da Faraguwai. Rayuwarsa ta rataya ne a kan 'yan abubuwa ƙalilan. Abincinsa ƙwarar wasu nau'o'in kwakwa guda biyu ce, acuri da bocaiúva, masu taurin da sai da guduma mutum zai fasa. Ta acuri ma ya fi son wadda shanu suka ci suka kasayar, don cikinsu ya riga ya cire ɓawon waje. Sheƙarsa kuma kusan duk a kogon bishiya ɗaya take, wadda ake kira manduvi, ita kuwa sai ta kai wajen shekara 60 kafin ta yi kaurin da zai ɗauki kogo mai girmansa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsuntsun tukan, mai ƙaton bakin nan: shi ne ya fi kowa yaɗa irin manduvi, kuma shi ne ya fi kowa shanye ƙwan makaw ɗin. Mai gina maka gida shi ne ɓarawon ƙwanka.

Ka haɗa wannan da yadda yake haihuwa. Sai ya kai shekara bakwai ko fiye kafin ya fara, macen ta yi ƙwai ɗaya ko biyu, galibi kuma ɗa guda ne yake rayuwa. An ƙiyasta cewa a shekarun 1980 kaɗai an kama kusan 10,000 daga daji don sayarwa. Tsuntsun da ke haihuwa da irin wannan nawa ba ya iya cike giɓi irin wannan. Abin da ya taimake shi shi ne aikin da wata masaniya 'yar Birazil, Neiva Guedes, ta fara a 1990, na kafa akwatunan sheƙa a kan bishiyoyi da shawo kan masu garken shanu su zama masu gadin tsuntsun.

Bari in ɗan ratse, tunda shuɗin ne ya ja hankalinka. Babu wani shuɗin rini a gashin aku. Ja da rawaya da ruwan lemo su ne na gaske, jikinsa ne yake haɗa su da kansa, wani sinadari ne da ba a samu a sauran tsuntsaye ba. Shuɗi kuwa aikin haske ne: cikin gashin akwai ƙananan ramuka masu kama da soso, waɗanda suke mayar da shuɗin haske kaɗai zuwa idonka. In ka niƙe gashin, shuɗin ya tafi. Kore kuma haɗin biyun ne, rawayan rini a kan wancan shuɗin.

Amma ba kowane aku mai ƙaranci ne kyansa ya ja masa ba. Kakapo na Niyu Zilan kore ne mai dabbare-dabbare, fuskarsa kamar ta mujiya, ba ya tashi, da dare yake yawo, namijin yakan kai kilo huɗu, wato babu akun da ya kai shi nauyi. Shi kyanwa da ɓeraye da wasu ƙananan dabbobi masu cin nama da mutane suka shigo da su tsibiran ne suka kusa gamawa da shi, don in ya ji tsoro tsayawa yake yi cik, ga shi kuma da ƙamshin da ake jiyowa daga nesa. A 1995 guda 51 suka rage. Yanzu sun haura 200, duk a wuraren da aka kawar da maharan, kowanne da sunansa. Ba sa haihuwa sai shekarar da bishiyar rimu ta yi 'ya'ya da yawa, sau ɗaya cikin shekara biyu zuwa huɗu.

Akwai wani aku, baƙin kokatu, mai tukku da jajayen kumatu na Niyu Gini da arewacin Ostireliya, wanda namijinsa yake karyo sanda ya riƙe da ƙafa ya riƙa kiɗa a jikin kogon bishiya don ya burge mace. Akwai akun Pesquet, baƙi da ja, mai sanƙon fuska kamar ungulu alhali ɓaure ne abincinsa, ana farautarsa don gashin ado. Akwai Eclectus, namiji kore shar, mace jawur, har masana suka daɗe suna zaton tsuntsaye biyu ne dabam-dabam. A nau'o'in aku kusan 400 da ake da su, kusan kashi ɗaya cikin uku suna cikin haɗari.

Sai tambayarka ta ƙarshe. Spix da kakapo ka cire su daga lissafi, suna hannun shirye-shiryen ceto ne, duk wanda ya yi maka tayin ɗaya ko dai ɗan damfara ne ko ɗan fasa-ƙwauri. Hyacinth da baƙin kokatu suna rukuni na ɗaya a yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, wanda ya haramta cinikin waɗanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Ko akun Afirka mai ruwan toka da jar jela, gwanin kwaikwayon magana, an mayar da shi wannan rukunin a taron Johannesburg na 2016, bayan bincike ya nuna cewa Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na nata tun daga 1992. Abin da doka ta bari shi ne wanda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo mai rajista, da takardunsa. Alamar da za ka duba ita ce zoben ƙafa marar tsaga, wanda ake zurawa tun tsuntsun yana ɗan tsako, don ba ya shiga ƙafar babba, sannan lambar zoben ta yi daidai da ta takarda.

Ko takardun sun cika, ni ba na ba wanda bai taɓa kiwon aku ba shawarar ya fara da babban makaw. Yakan yi shekara 50 ko fiye, ihunsa yana shiga gidan maƙwabta, bakinsa yana lanƙwasa wayar keji, in kuma kaɗaici ya dame shi sai ya koma fige gashin jikinsa da kansa har ƙirjin ya zama fata zalla. Ka fara da ƙananan da aka daɗe ana hayayyafa su a keji, irin bajarigar ko kokatil, ka sayi biyu ba ɗaya ba, ka ba su wurin da za su iya buɗe fuka-fukai su tashi daga wannan gefe zuwa wancan.