Kar ka sake ka goge, haɗewa ake yi

Kai yaro, ka tambaye ni wai yaya za ka gane takarda tana cikin Zotero, manhajar nan ta tara manazarta da jera su, tun kafin ka sake ajiye ta, tunda maɓallinsa na ajiye takarda daga burauza baya gaya maka. Eh baya gaya maka, ko sau goma ka danna sau goma zai zuba maka ita. Da ba zan amsa ba don abu ne da ya kamata ka gano da kanka, amma tambayar taka ta fama min wani tsohon miki.

Shekarun baya wani ɗalibin digiri na uku ya kawo min kundinsa in daidaita masa manazarta, muka yi ciniki ya bada rabi. Ashe bawan Allahn nan ya fitar da fayil daga Mendeley, wata manhajar manazarta, ya shigo da shi Zotero har sau biyu, sannan cikin dare yana ta ƙaro wasu daga Google Scholar bai faɗa min ba. Babi na biyu ya ambaci takarda daga wannan kwafin, babi na huɗu daga wancan, ita kuwa manhaja a wajenta takardu biyu ne na mutum ɗaya a shekara ɗaya, to a tsarin rubuta manazarta na APA sai ta liƙa musu 2016a da 2016b. Jerin ya cika da a da b.

A nan na tafka kuskuren da har yau yake ci min rai. Na bi na goge duk masu maimaici, har kwandon sharar na zubar. Na sabunta a Word, a da b suna nan daram. Ashe Zotero yana ajiye bayanin kowace takarda a cikin fayil ɗin Word ɗin kansa, ka goge ta a laburaren Zotero, wato ma'ajiyar takardunka, sai ta zama marainiya, tana nan a rubutu kuma babu sauran abin da za ka haɗa ta da shi. Kwana uku na yi ina cire ambato ɗaya bayan ɗaya ina sa sabo, idona har ruwa yake. Guda ɗaya tak ta kuɓuce min, kuma ita mai jarrabawa ya cafko, ya ce ina takarda ta biyun? Mutumin nan ya dawo yana min hargagi wai ni na lalata masa aiki, yana rantsuwa bai taɓa laburaren ba, alhali ga ranar da aka ƙara kowace takarda nan a rubuce, ƙarfe biyun dare. Cikon kuɗina bai biya ba har yau, ya kuma kore min mutum biyu da suka riga suka yi min magana.

To saurara. Kafin ka ajiye, kwafi DOI ɗin, lambar shaidar takardar nan mai farawa da 10, ka liƙa ta a akwatin binciken Zotero, ka sa binciken ya duba duk filaye ba taken kaɗai ba. In ta riga ta shiga, a gefen hagu akwai Duplicate Items, wurin da yake jera masu maimaici, yana kama su ta taken takarda, DOI ko ISBN (lambar littafi), sannan ya duba ko shekarun basu wuce tazarar shekara ɗaya ba da kuma sunan marubuci. Zaɓi wacce bayaninta ya fi cika ka danna Merge ya haɗe su, tag da bayananka da ambaton Word duk su bi ta. Baya haɗa iri daban, in ɗaya ta shiga a matsayin shafin intanet ɗaya ta mujalla sai ka fara gyara nau'in. Kuma baya leƙa laburaren rukuni, wanda kuke amfani da shi tare da wasu, daga naka, kowanne kansa yake dubawa.

Yadda ake sa manhajar ba zan koya maka ba, kowa ya iya. Abin da ke ɓata min rai da ku yaran yanzu shine kun ga an jera abu biyu sai danna danna, babu mai buɗewa ya karanta. Littafi bugu na biyu da na uku ba abu ɗaya ba ne, shafukan sun bambanta. Gobe ka zo da laptop ɗinka, laburaren da ka haɗa makon jiya da shi za mu fara.