Ciwon dunduniya bayan golf: laifin takalmi ne?

Tambaya: Bara na yi ritaya, na fara buga golf a Kaduna sau uku a mako. Yanzu da asuba in na sauko daga gado, dunduniyata ta dama kamar na taka ƙusa, sai na ɗan zazzaga take saki. Ɗana zai aiko min da takalmi daga Ingila. Mai ƙusoshi zan ce ya saya ko marar ƙusoshi? Daga wani Alhaji, Kaduna.

Amsa: Ranka ya daɗe, mu fara da ƙafar tukuna. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ciwon jijiyar nan mai kauri da ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu. Zagayen ramuka 18, wato cikakken wasan golf, tafiya ce ta kilomita 8 zuwa 10, wajen awa huɗu a tsaye, ga ƙafar da ta shekara talatin a ƙarƙashin teburin ofis. Sannan duk bugu, in da dama kake bugawa, ƙafar dama kan tashi ta tsaya kan babban yatsa, jijiyar ta miƙe iya miƙewa.

Ka koma ramuka 9 na 'yan makonni. Kafin ka sauko daga gado, ka kama yatsun ka ja su sama na daƙiƙa 30, sau uku. Da yamma ka murza tafin ƙafar a kan gorar ruwa mai ƙanƙara na minti 10. Ka kuma daina yawo a kan tayil ba takalmi. Wannan ciwo yakan ɗauki watanni, amma in an yi wata biyu ba sauƙi, ko ka ga kumburi ko ƙafar tana mutuwa, ka ga likitan ƙashi.

Batun takalmi, ni marar ƙusoshi nake ba ka shawara. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasarmu ta bushe ƙarau, ƙusar roba ba ta samun inda za ta nutse, sai ta riƙa tokarar tafin ƙafa. Da damina ne mai ƙusoshi ke da rana. Abin da ya fi damuna shi ne sayen takalmi daga nesa. Lambar Ingila daban take da ta Turai da muka saba. Ka taka takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da kake wasa da ita, a zana, a auna tsawo da faɗi a tura wa ɗanka. A bar sararin santimita ɗaya gaban doguwar yatsa.

Tambaya: Maigidana yana da ciwon suga, ya samu takalmin golf na gwanjo mai kyau da araha. Ya saya? Daga wata Hajiya, Kano.

Amsa: Hajiya, ki lallashe shi ya haƙura. Takalmin gwanjo ya riga ya lotse daidai ƙafar wani, kuma mai suga yana iya yin bororo bai ji ba, har ya zama gyambo. Ya sayi sabo mai faɗin gaba, ya sa hannu ciki ya laluba ko akwai ɗinki mai gurza. Duk dawowarsa daga fili a duba tafin da tsakanin yatsu. Da hunturu a shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. In aka ga rauni, komai ƙanƙantarsa, a je asibiti a ranar.